Faifan Nebra: Tsintuwar da Ta Kai Masana Gaban Alƙali

Mutum biyun da suka tono shi ba su san abin da suka tono ba. A wata ruwayar sun ɗauka murfin tsohon bokiti ne, a wata kuma sun zaci tsakiyar garkuwa ce. Abin da ya ɗauke musu hankali a ranar 4 ga Yulin 1999 shi ne takubba biyu na tagulla masu zoben zinariya a ƙota, don takobi kowa ya san sunansa, kowane dillali kuma ya san kuɗinsa. Shi kuwa faifan ƙarfen da ke cikin ramin, wanda ƙasa ta manne masa gaba da baya, ɓamɓaro shi kawai suka yi da ƙarfen haƙa. Garin haka suka lotsa masa gefe, suka yage wani yanki na zinariyar da ke fuskarsa, ɗaya daga cikin ɗigogin zinariyarsa kuma ya ɓalle.

Wurin sunansa Mittelberg, wani tudu mai tsayin mita 252 a dajin Ziegelroda, kusa da ƙaramin garin Nebra a jihar Saxony-Anhalt ta Jamus. Daji ne mai ɗaruruwan tuddan kaburburan mutanen da, saboda haka masu yawo da na'urar gano ƙarfe sun daɗe da sanin hanyarsa. Ita wannan na'ura Yaƙin Duniya na Biyu ne ya raine ta. Irin wadda wani hafsan sojan Poland, Józef Kosacki, ya ƙirƙiro ce sojojin Birtaniya suka riƙa binciko nakiyoyi da ita a El Alamein ta Masar a 1942. Da yaƙi ya ƙare sai ta faɗa hannun 'yan sha'awa, bayan rushewar katangar Berlin a 1989 kuma ta bazu a dazuzzukan tsohuwar Jamus ta Gabas. Magana ɗaya tak na'urar ta iya: akwai ƙarfe a nan. Wane ne ya binne shi, yaushe, tare da me, wannan duk a jikin ƙasar da ke kewaye da shi yake rubuce, ƙasar kuwa ita ce abu na farko da mai gaggawa yake watsarwa.

A Saxony-Anhalt irin wannan tsintuwa ba ta wanda ya tsinta ba ce. Doka ta ce kayan tarihin da ba a san mai su ba na jiha ne tun daga lokacin da suka fito daga ƙasa, mutanen nan kuma ba su da izinin haƙa. Don haka babu zancen kai rahoto. Washegari suka sayar da komai ga wani dillali daga yankin Cologne a kan Mak 31,000, kuɗin Jamus na lokacin: faifan, takubban biyu, gatura biyu, ƙarfen sassaƙa ɗaya, da gutsattsarin mundaye biyu masu naɗi.

Daga nan kayan suka shiga hannun ɓarayin zaune, kuɗinsu na hauhawa a kowane zango. Ɗaya daga cikin waɗanda faifan ya ratsa hannunsu ya jiƙa shi, ya dirje shi da soson ƙarfe, har yau kuma ana ganin ƙarzunan a jikin zinariyar. Amma wankin nan ne ya fara bayyana abin da ke fuskarsa: babban da'ira na zinariya, jinjirin wata, ɗigogi birjik, da wasu baka-baka a gefe. Aka yi wa gidan tarihi na Berlin tayinsa a kan Mak miliyan 1. Shugaban gidan, Wilfried Menghin, da ya ji daga jihar da kayan suka fito, ya san babu gidan tarihin gwamnati da zai iya saye, don sayen kayan sata ne. Duk wanda ya bi labarin gumakan Nok da aka riƙa tonewa a kudancin Kaduna ana kai su kasuwannin Turai a shekarun 1990 ya san wannan kasuwa, ya kuma san cewa abu na farko da ke ɓacewa a cikinta shi ne sunan ramin da kaya suka fito.

A 2001 Menghin ya nuna wa Harald Meller hotunan. Meller sabon kamu ne a kujerar shugaban hukumar kayan tarihi ta Saxony-Anhalt, wato a doka shi ne mai kula da abin da ke cikin hoton. Ya yi ta lallaɓar masu riƙe da kayan a matsayin mai son saye, har suka yarda a haɗu a Suwizalan, inda suke ganin hannun hukumar Jamus ba zai kai ba. Kuɗin da suka yanka Mak 700,000 ne. A ranar 23 ga Fabrairun 2002 aka zauna a mashayar otal ɗin Hilton da ke Basel, 'yan sandan Suwizalan cikin farin kaya suna kewaye. Yadda Meller ya ba da labari daga baya, mutumin ya zaro faifan ne daga ƙarƙashin rigarsa, a naɗe cikin tawul. Meller ya yi ta jan lokaci da gwaje-gwajen ƙarya, ya tashi ya shiga banɗaki yana neman inda wayarsa za ta kama don ya yi wa 'yan sanda alama. Aka kama mutum biyu, namiji da mace, aka mayar da kayan Jamus.

Kamen shi ne mai sauƙin. Abin da ke kan teburin ɗakin bincike a birnin Halle faifan tagulla ne mai faɗin kusan santimita 32 da nauyin kilo 2 da 'yan kai, kaurinsa milimita 4.5 a tsakiya, ya sirance zuwa ƙasa da milimita 2 a gefe. Babu irinsa a kowane gidan tarihi. Masanin kayan da kuwa da kwatance yake aiki: a ba shi gatari, ya jera shi da gatura ɗari da aka san shekarunsu, ya faɗi zamaninsa. Abin da ba shi da ɗan'uwa, wanda kuma ya fito daga hannun dillalai, zargin farko da ke hawa kansa shi ne jabu ne.

Tsatsar jikinsa aka fara tambaya. Koren da ya rufe tagullar, da aka sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai aka ga ƙwayoyinsa manya ne, irin waɗanda ke tsirowa sannu a hankali cikin ƙasa mai laima. Tsatsar da ɗan damfara ke haɗawa da sinadari cikin 'yan makonni ƙwayoyinta ƙanana ne. Christian-Heinrich Wunderlich, masanin sinadarai na gidan tarihin Halle, shi ya jagoranci wannan ɓangare. Ernst Pernicka, masanin ƙarafan da, ya bi ta wata hanyar. Duk ƙarfen da aka narko daga ma'adini yana ɗauke da wani nau'in dalma mai fitar da tururin nukiliya, wanda rabinsa ke ƙarewa duk bayan kimanin shekara 22. Idan aka wuce shekara 100 ba a ƙara jin ɗuriyarsa. A faifan ba a ji komai ba. Wannan gwaji yana da iyaka: ya nuna ƙarfen ba na zamaninmu ba ne, amma bai bambanta shekara 200 da shekara 3,000 ba.

Tagulla ba a yi mata awon kabon na gano shekaru, don wannan awo sai abin da ya taɓa rayuwa, kamar itace ko ƙashi. Saboda haka shekarun faifan aro ne daga abokan kwanciyarsa. Takubban da gaturan suna da 'yan'uwa da yawa, ƙirarsu ta wajen shekara ta 1600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ce. Sai kuma aka yi sa'a, aka sami ɗan guntun ɓawon itace maƙale a ƙotar ɗaya daga cikin takubban. Awon kabon ya sa shi tsakanin 1600 da 1560 kafin haihuwar Annabi Isa. Idan har tare aka binne su, to faifan ya shekara kusan 3,600 a ƙasa. Duk rigimar da ta biyo baya a kan wannan "idan" ɗin ta rataya, don babu masani ko ɗaya da ya gan su kwance tare.

Ba haka ta faru a Hoxne ta Ingila ba a 1992. Can wani mutum ne ya fita da na'urarsa neman gudumar abokinsa da ta ɓace a gona, sai ya ci karo da cokulan azurfa da tsabar kuɗin Rumawa. Ya dakata da haƙa, aka kira hukuma. Washegari masana suka kwashe sauran a tsanake, tsabar kuɗi kusan 15,000 da kayan zinariya da azurfa, har suka gane cewa a cikin akwatin katako aka jera su, da ƙananan akwatuna a ciki, da ciyawa da ƙyalle da aka tokare su da su. Aka biya ladan fam miliyan 1.75. Babu wanda ya taɓa kai tsintuwar Hoxne kotu don a tabbatar daga ina ta fito.

Ta Nebra kuwa sai da aka bi sawu da baya. 'Yan sanda suka bi dillalan ɗaya bayan ɗaya har aka kai ga tudun, masana suka fara haƙa a can a 2002. Sun sami ramin da aka cike, da sawun ƙarfen haƙa a bangonsa, da fasasshiyar kwalbar ruwan da mutanen suka jefar. Aka auna ƙasar ramin, aka tarar jan ƙarfe da zinariya sun yi yawa a cikinta fiye da ƙasar da ke kewaye, alamar cewa wani abu mai ɗauke da su ya daɗe a wurin yana zubar da kansa. Ƙasar da ta rage a jikin faifan da wasu daga cikin kayan ita ma ta dace da ta tudun.

A 2003 kotun Naumburg ta yanke wa masu tonon da masu sayarwar ɗaurin je-ka-gyara-halinka na watanni. Masu sayarwar suka ɗaukaka ƙara zuwa Halle, lauyoyinsu kuma suka ɗauko wata dabara mai ban dariya: idan faifan jabu ne, ai ba kayan jiha ba ne, babu kuma laifin sayen kayan sata. Mutanen da suka nemi Mak 700,000 a kansa su ne yanzu ke fatan a ce ba shi da daraja. Suka sami Farfesa Peter Schauer na Jami'ar Regensburg, wanda ya ce jabu ne, wai da fitsari da ruwan asid da wuta ana iya haɗa irin wannan tsatsa. Da aka matsa masa a gaban alƙali, ya amsa cewa bai taɓa riƙe faifan a hannunsa ba, hotuna ya duba. Masanan da suka auna shi suka yi ta shiga ɗaya bayan ɗaya suna ba da shaida. A 2005 kotu ta yarda cewa na gaske ne, ta bar hukuncin a kan masu sayarwar.

To, mene ne shi?

Masanin taurari Wolfhard Schlosser na Jami'ar Bochum ya fara da ƙirga ɗigogin. Asali 32 ne. Guda 25 an warwatsa su ne da gangan yadda ba za su yi siffar komai ba, abin da ke da wuyar yi da ka, don hannun mutum yakan jera abu ko bai yi niyya ba. Sauran 7 ɗin kuwa a cure suke wuri ɗaya tsakanin babban da'irar da jinjirin watan. Schlosser ya ce waɗannan su ne Kaza da 'Ya'yanta, tarin taurarin da Larabawa ke kira Surayya. Manoma a sassa da yawa na duniya da su suke auna shekara. A lissafinsa, a tsakiyar Jamus ta wancan zamani ana yi musu ganin ƙarshe da magariba a yamma wajen 10 ga Maris, lokacin da shuka ta gabato, sannan wajen 17 ga Oktoba su faɗi da asuba, lokacin da an gama kai amfanin gona gida. A na farkon jinjirin wata kan iya tsayawa kusa da su, a na biyun kuma cikakken wata. Idan haka ne, babban da'irar wata ne ɗan daren sha huɗu, ko da yake har yau akwai masu cewa rana ce.

Rahlf Hansen na gidan nazarin taurari na Hamburg ya ƙara gaba a 2006. Ya lura cewa jinjirin da ke faifan ya yi kauri, ba na daren farko ba ne, ya kai ɗan kwana 4 ko fiye. Matsalar da yake ganin faifan ya zo warwarewa duk mai azumi ya san ta: shekarar wata kwana 354 ce, ta rana 365, saboda haka watan azumi ke matsowa da kwana 11 duk shekara, yana ratsa zafi da damina da ɗari, sai bayan kimanin shekara 33 ya koma inda ya faro. Manomin da ke ƙirga watanni amma rana ce ke yi masa shuka dole ya sami hanyar daidaita su, ita ce cusa wata na 13 duk bayan shekara biyu ko uku. Babiloniyawa sun rubuta ƙa'idar yin haka a allunan yumɓu da ake kira MUL.APIN: a dubi ranar da wata ya riski Kaza a farkon shekara, idan ya makara, wato ya riske ta bayan ya yi kauri, to shekarar tana bukatar ƙari. Hansen ya ce wannan ƙa'idar ce aka zana da zinariya. Ya ƙara da cewa ɗigo 32 shekarun rana ne, idan aka haɗa da babban da'irar su zama 33, shekarun wata.

Lissafin yana da daɗin ji, daɗin nasa ma shi ne abin tsoro. Kwafin MUL.APIN mafi tsufa da ake da su na ƙarni na 7 ne kafin haihuwar Annabi Isa, kusan shekara 1,000 bayan an binne faifan, kuma tsakanin Babila da Nebra tafiya ce ta dubban kilomita. Mutanen da suka ƙera shi ba su bar rubutu ko layi ɗaya ba. Mai neman lamba 33 a jikin abu mai ɗigogi da yawa zai same ta. Akwai masanan da ke ganin an ɗora wa faifan kayan da ya fi ƙarfinsa, kuma ba a rasa gaskiya a maganarsu ba.

Baka biyun da ke gefe sun fi tsayawa da ƙafarsu, don su awo ne. Ɗaya yana nan, ɗayan ya ɓace tun kafin a binne faifan amma gurbinsa a bayyane yake. Kowanne ya ci digiri 82 na da'irar. Wanda ya tsaya wuri ɗaya yana kallon faɗuwar rana shekara guda zai ga tana tafiya: a watan Yuni ta faɗi can arewa maso yamma, a Disamba can kudu maso yamma. Faɗin wannan zirga-zirga ya danganta da nisan wuri daga tsakiyar duniya. A Kano bai wuce digiri 48 ba. A tsakiyar Jamus, a layin da Nebra take, digiri 82 ne ko kusa da haka. Wato wanda ya sa waɗannan baka a wannan yanki ya yi awonsa, abin da ya rufe bakin masu cewa daga Masar ko wata ƙasar kudu aka kawo faifan. Daga kan Mittelberg kuma, a ranar da yini ya fi kowanne tsawo, rana tana faɗuwa ne a bayan Brocken, dutse mafi tsayi a tsaunukan Harz, mai nisan kusan kilomita 80. Mai riƙe da faifan yana iya saita shi da dutsen.

Wani abin da binciken ya tono shi ne cewa faifan ba aikin hannu ɗaya ba ne. Da farko taurari ne da wata kawai. Daga baya wani ya zo ya ƙara bakan gefe, garin haka ya rufe taurari biyu, ya matsar da ɗaya, gurbinsu kuma ya fito a hoton da na'urar haska ƙashi ta ɗauka. Wani kuma ya ƙara baka na uku a ƙasa, mai lanƙwasa sosai, da ƙananan zane kamar gashin tsuntsu a gefensa, zinariyarsa ma ba irin ta sauran ba ce. Mafi yawan masana sun karanta shi a matsayin jirgin ruwa mai ɗaukar rana cikin dare daga yamma zuwa gabas, hoton da aka sani a Masar ta da da kuma zanen duwatsun Sikandinabiya. Wasu sun ce bakan gizo ne, wasu lauje. Bayan nan wani ya bi gefen ya huda ramuka kusan 40, bai damu da zinariyar da yake hudawa ba, da alama don a ɗaure faifan a jikin wani abu a riƙa ɗagawa jama'a su gani. Meller yana karanta wannan jerin a matsayin tarihin ilimin da ya riƙa zubewa: abin da ya fara a matsayin lissafi ya koma awon rana, ya koma tatsuniyar addini, ya ƙare a tuta. Ko an yarda da shi ko ba a yarda ba, jerin hannuwan dai tabbas ne, kuma yana nufin faifan ya yi zamani mai tsawo ana amfani da shi. Shi ya sa ake sa ƙirarsa ta farko wajen 1800 kafin haihuwar Annabi Isa.

Ƙarafansa ma matafiya ne. Jan ƙarfen daga ma'adinan Mitterberg yake, kusa da Bischofshofen a tsaunukan Ostiriya, inda mutanen wancan zamani suka haƙa ramuka masu zurfi. Zinariyar da farko an zaci ta tsaunukan Romaniya ce, sai binciken da aka buga a 2011 ya nuna ta fi dacewa da ta kogin Carnon a Cornwall, can kudu maso yammacin Ingila, yankin da ya shahara da kuza, kuma ana danganta kuzar faifan da can. Ba da manne aka liƙa zinariyar ba. Maƙerin ya sare siririn kwari a jikin tagullar, ya tura bakin zinariyar ciki, ya dake tagullar ta danne shi. Koren da ake gani a hotuna yau tsatsa ce. Ana kyautata zaton a zamaninsa duhu ne da shi, yadda zinariyar za ta yi ƙyalli a kansa.

Mutanen da suka mallaki irin wannan fatauci ana kiransu al'ummar Únětice, da sunan wani ƙauye kusa da Prague inda aka fara tono kaburburansu. Sun yi zamani daga wajen 2200 zuwa wajen 1550 kafin haihuwar Annabi Isa. Ƙasar da ke kewaye da Halle baƙar ƙasa ce mai albarka, ga gishiri, ga hanyoyin da suka haɗa tsaunukan kudu da tekun arewa. Manyansu an yi musu kaburbura na ban mamaki. Na Leubingen, wanda Friedrich Klopfleisch ya tono a 1877, zoben shekarun da ke jikin katakonsa ya nuna shekara ta 1942 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma an binne mamacin da munduwar zinariya da makamai da kayan ƙira. Tudun Bornhöck faɗinsa ya kai mita 65. A daidai lokacin da wannan duniya ta fara watsewa ne wani ya hau Mittelberg ya binne faifan da takubba biyu da gatura biyu, jeri irin na kayan kabarin basarake, sai dai ba a sami gawa a wurin ba.

Daraja ta biyo baya da gudu. An buɗe cibiyar baƙi ta Arche Nebra a gindin tudun a 2007, faifan ya sami mazauni na dindindin a gidan tarihin Halle a 2008, Jamus ta buga hotonsa a tsabar Yuro 10 a shekarar, UNESCO kuma ta sa shi a kundin abubuwan tunawa na duniya a 2013. A 2021 ɗan sama-jannatin Jamus Matthias Maurer ya tafi da ƙaramin kwafinsa tashar sararin samaniya.

Amma tsohon "idan" ɗin bai mutu ba. A 2020 Rupert Gebhard, shugaban gidan kayan tarihi na jihar Bavaria a Munich a lokacin, da Rüdiger Krause na Jami'ar Goethe da ke Frankfurt, suka buga maƙala suna cewa babu tabbacin faifan da takubban rami ɗaya suka kwana. Ba su ce jabu ne ba. Cewa suka yi maganganun masu tonon sun ci karo da juna, ɗayansu ma ya sauya magana, zanen faifan kuma ya fi kama da na zamanin baƙin ƙarfe, wato a rage masa shekara kusan 1,000. Pernicka da wasu masana 12 suka mayar da martani a shekarar, suka sake jero shaidar ƙasar ramin, suka nuna cewa jan ƙarfen faifan da na sauran kayan tushensu ɗaya ne, ma'adinan Mitterberg kuma an daina haƙarsu kafin zamanin da Gebhard da Krause ke nufi ya kankama. Mafi yawan masana sun tsaya a kan 1600, hujjarsu kuma ta fi nauyi. Sai dai hujja ce da aka harhaɗa daga sinadarai da bayanan waɗanda kotu ta hukunta, a madadin hoto ɗaya da zanen awo ɗaya da za a iya yi a yini guda a 1999.

Ana nan ana ci gaba da yi wa faifan tambayoyi. A 2024 masanan Halle da na Magdeburg suka sake ciro wani ɗan guntu daga gefensa, wanda aka taɓa yankewa a 2002 aka mayar, suka duba tsarin ƙwayoyin ƙarfen. Sakamakon ya nuna ba zuba shi aka yi a wannan siffa ba, don tagulla ba ta yarda a zuba ta da faɗi da siranta haka da kayan aikin wancan zamani. Curi aka fara zubawa, aka sa a wuta har wajen digiri 700, aka dake shi daga tsakiya zuwa gefe, aka sake mayarwa wuta don ya saki, haka har sau 10 ko kusa. Don a gwada, aka ba wani ƙwararren maƙerin tagulla na yau curi ya ƙera kwafi da guduma. Ya ƙera, amma sai da ya koma wuta sau da yawa fiye da maƙerin farko, abin da ya sa masanan suka ce curin asalin ya fi wanda suka ba shi faɗi da siranta.